Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Koyon Aikin Lambu

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Samaru ta Zariya cikin 1962, ba ta da nisa da ƙasar Rogo. Baƙo yakan yaba inuwar maɗaci da darbejiya na harabarta, amma da wuya ya tambayi wanda ya rene su. Ma'aikatan lambu ne, sana'arsu kuwa a hannun gwani ake koyonta.

Mai koyo yakan fara da renon iri da ban ruwa safe da yamma. Sa'an nan auren mangwaro, da askin ciyawa da shinge, da tsare dashe daga gara da awaki. Dashe kuwa sai damina ta zauna, wajen watan Yuli. Wanda ya makara, rani ya cinye wahalarsa.

Saboda haka in an nemi yaro daga Rogo Sabon Gari, kada dagaci ya miƙa ɗansa don kwaɗayin albashi, alhali yaron yana ƙyamar taki. A duba cikin 'ya'yan masu fadama, waɗanda suka saba da ban ruwan albasa da tumatir. Malamin hakimi ya rubuta sunan yaron, da na mahaifinsa, da irin lambun da ya taɓa yi.