Zarto Siriri, Katako Guntu: Sana'ar da Za Ta Iya Zama a Gefen Gona

 Yau hirar tamu ta matasan Kura, Bunkure, Garun Malam da Kadawa ce, amma duk inda kake sauraro, ka matso, akwai rabonka a ciki.

Mu a wannan yanki Allah Ya ba mu abin da wasu ke nema ido rufe. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke bin magudanai yana shiga gonakinmu rani da damina. Shinkafa, alkama, tumatur, albasa, duk muna yi. To amma kowa ya san noman rani caca ne wani lokaci. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye tumatur, ya san yadda mutum ke kwana da dukiya ya tashi da bashi. Wata shekarar kuma amfanin ya yi kyau, sai a je Kwanar Gafan a tarar kwando ya yi yawa, farashi ya faɗi warwas. Matashin da ƙwadagon gona kaɗai ya iya, idan gona ta ƙi, sai zaman majalisa, kuma mun san masu zuwa majalisa neman yara lokacin siyasa.

Shi ya sa nake son mu yi maganar wata ƙaramar sana'a: yanka kayan ado na katako da siririn zarto. Turawa na kiran injin scroll saw. Ɗan inji ne da ake ɗorawa a kan tebur, girmansa bai wuce keken ɗinki ba, yana kuma aiki kamarsa: haƙorin zarton na hawa yana sauka, kai kuma kana juya katakon da hannu biyu kana bin zane. Siririn haƙorin ne ke ba shi damar yin kwana da lanƙwasa inda zarton kafinta ba zai iya ba. Wutar da yake ci kaɗan ce, wajen wat 100, don haka ƙaramar sola da inbata za ta riƙe shi. Wanda ba shi da kuɗin inji, akwai na hannu mai dogon baka, aiki ɗaya suke yi, sai dai gumi ya fi yawa.

Kada wani ya ce aikin katako baƙo ne a wajenmu. Turmi, taɓarya, akushi, muciya, allon karatu, duk masassaƙanmu ne suka yi su tun kaka da kakanni. Kura kuwa an san ta da sana'ar hannu tun kafin ruwan Tiga: baƙin rinin garin, ɗan Kura, har cikin Sahara Buzaye ke neman sa. A Jamus akwai wani ƙauye, Seiffen, mutanensa mahaƙa kuza ne. Da ma'adinin ya ja baya, sai suka koma yin kayan wasa da na ado da katako, yau da wannan duniya ta san su.

To me za a yanka? Ka duba abin da mutanenmu ke saye. Sunan amarya da ango na ratayewa a ɗaki. Sunan jariri ranar suna. Ɗan ƙaramin allo na tukuicin walimar sauka. Dagin Arewa, maƙalin mukulli, haruffa da lambobi na makarantun yara. Da yawa cikin masu sayenmu ba sa son siffar mai rai, don haka ka tsaya a rubutu da zanen fure da na dagi. Kuma don Allah, aya ko sunan Allah, a yi su a abin da za a rataye a bango, kada a sa su a maƙalin mukullin da zai shiga ko'ina.

Yanzu aikin kansa. Katako na farko: ba sai an sare bishiya ba. Guntayen da kafintoci ke zubarwa sun isa, a garinku ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Mai koyo ya fara da siririn filawud mai kaurin milimita 3 zuwa 6. Idan hannu ya faɗa, sai a shiga maɗaci, wanda launinsa kaɗai ado ne. Amma lallai ya zama busasshe. Ɗanyen katako zai lanƙwashe ko ya tsage bayan ka sayar, kuma iskar hunturu ba ta rufa wa kowa asiri.

Ka buga zanen a takarda, ka manna a kan katakon. Wajen ɗaura zarto, haƙoran su kalli ƙasa, ka ja shi ya yi tauri. Kada ka tura katako da ƙarfi, ka bar zarton ya ci da kansa, yawancin karyewar zarto daga gaggawa take. Idan za ka cire ciki, kamar ramin harafin O, sai ka huda ƙaramin rami, ka kwance kan zarton, ka zura shi ta ramin, ka mayar ka ɗaure. Idan oda ta yi yawa, ka haɗa sirara uku ko huɗu ka manne su da salatif, ka yanka lokaci guda.

Inda ake gane gwani shi ne gamawa. Mai saye da yatsa yake fara dubawa. Ka goge da samfefa mai lamba 120, ka bi da 220, kana bin yadda jijiyar katakon ta kwanta. Ka share ƙura tsaf, sannan ka shafa banish siriri, ya bushe, ka ɗan goge, ka ƙara. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, wanda zai zubo ya cike ƙananan ramuka. Kada ka shafa man gyaɗa, zai yi wari daga baya. Abin da yaro zai sa a baki kuwa, ka bar shi ba fenti, ka dai goge gefensa ya yi laushi. Ka sa takunkumi da tabarau, ƙurar katako ba ta da kirki a ƙirji.

Gaskiya ɗaya: wannan ba zai maye gurbin gona ba, kuma kasuwarsa ba ta zuwa ta same ka a zaure. Sai ka ɗauki hoto mai kyau ka sa a WhatsApp da TikTok, ka kai samfur wajen masu kayan biki da makarantun Islamiyya, ka leƙa Kasuwar Kurmi ka ga abin da ke tafiya. Wajen sa farashi ka lissafa katako, zarto, banish, wuta da lokacinka. Mai yi wa 'yan uwa kyauta kullum, jarinsa ba ya kai wata uku.

Shawarata: ku haɗu ku biyar, maza ko mata, domin 'yan uwanmu mata za su iya yin wannan a cikin gida. Bayan girbi kowa ya kawo wani abu, a sayi inji ɗaya, a raba ranaku. Ku nemi kafinta a unguwa ya nuna muku katako, ku girmama shi a matsayin maigida.

Wanda ya gwada, ya turo hoton abin da ya yanka, ko da ya karkace, za mu tattauna a kai a shiri na gaba. Allah Ya sa wa nemanmu albarka. Sai mun sake haɗuwa.