Ruwan da Ke da Guba a Ɓoye

Yau za mu yi magana kan dalma a cikin ruwan sha.

Kun saba jin cewa a tafasa ruwa kafin a sha. Wannan gaskiya ne, gama tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma dalma ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfe ce. Ko an tafasa ruwa tana nan daram. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma ruwa yana iya zama garau alhali da ita a ciki.

A shekarar 2010 an ga wannan da ido a ƙauyukanmu. A ƙasar Anka da Bukkuyum, cikin Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu. Dalili kuwa, mutane suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, duwatsun nan kuma cike suke da dalma. Ƙurarta ta bi ƙasa da abinci da hannuwan yara, wankin ƙasar kuma ya ɓata tafkuna.

To, yaya za a gane? Masana sun samo wani magani mai sake launi. Akwai wani mai suna ditizon, kore ne, amma da ya gamu da dalma sai ya koma ja. Ma'aikacin lafiya yakan ɗebi ruwa, ya haɗa da maganin, ya jira, sa'an nan ya gwada launin da wata takarda mai launuka. Yawan ja, yawan dalma. A ƙasar Bangaladash, da irin wannan gwaji aka binciki rijiyoyin famfo saboda gubar asinik. Mai guba a shafa mata jan fenti, mai kyau a shafa kore.

Sai dai a lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce mikirogiram 10 a lita ɗaya. Wannan ɗan mitsitsi ne ƙwarai, gwajin launi yana iya kasa kama shi. Saboda haka in ana shakka, a aika da ruwan ɗakin bincike.

Kada a niƙa dutse a gida. Kada a wanke shi kusa da rijiya. Mahaƙi ya yi wanka, ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro. In yaro yana amai, ko ciwon ciki, ko jijjiga, a kai shi asibiti nan da nan, a faɗa wa likita sana'ar gidan.

Allah ya ba mu lafiya, amin.