Waƙoƙin Shata da ba su shiga faifai ba

Yau hirarmu ta kaset ce. E, kaset ɗin nan da ake saka biro a juya masa zare.

Kun tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga? Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Ba kira, ba data. To a wannan zaman ne wani kawuna, da ya baro ƙauyensu a yankin Faskari ya dawo wurinmu Ƙanƙara, ya fito da wata leda daga cikin kayansa. Kaset uku ne a ciki. Ya bar rumbu, ya bar awaki, amma ya ɗauko waɗannan. Na yi dariya, wallahi. Sai da muka aro rikoda na daina.

Mamman Shata ne yake waƙa a wani biki, kalangu na tashi, ana jin guɗar mata da muryar maroƙi. Yana kiran sunayen mutanen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, har da kakanmu. Na duba memori ɗin masu tura waƙa a kasuwa, daga baya na duba YouTube, ban same ta ba.

Dalilin kuwa a fili yake. Shata ba ya rubuta waƙa, a wurin yake ƙirƙirarta. An haife shi a Musawa, ya zauna Funtua, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, kuma shekarun da ya yi yana yawo ya yi wa manoma, direbobi, 'yan kasuwa da sarakuna waƙa. Wadda kamfani ko gidan rediyo ya naɗa ta tsira. Wadda aka yi a dandalin ƙauye kuwa, sai in wani ya zo da rikodarsa. Akwai waɗanda suka yi aiki babba a kan tarihinsa: littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa ya fito a 2006, kuma cikinsu akwai namu, Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Amma littafi ba zai shiga kowane ɗaki ya buɗe akwatin tsoho ba. Wannan mu ne za mu iya.

Shi ya sa ni da abokaina muka fara tattara irin waɗannan waƙoƙin wuri ɗaya. Aikin ba wuya: waya ɗaya daga rikoda zuwa kwamfuta, sai manhajar Audacity, kyauta ce. Wuyar tana wurin suna. Abin da ke ba ni haushi da memorin kasuwa ke nan: a yanke farkon waƙa, a liƙa tallar shago, a rubuta mata "Shata 27". Wa aka yi wa? A wane gari? Shiru. Mu kafin mu kunna, sai mun zaunar da mai kaset ya gaya mana bikin wa ne, wace shekara, in bai tuna ba ko zamanin wane hakimi. Mu naɗi bayaninsa, mu ajiye tare da waƙar.

Kuma ba ma sayarwa, don Shata ya bar iyali, haƙƙinsu ne. Kaset kuma muna mayar wa mai shi a ranar.

Ɗaya daga cikin ukun kawu damina ta riga mu, zaren ya manne, rikoda ta cinye shi. Ya ce a cikinsa ne aka ambaci mahaifiyarsa. Bai ƙara cewa komai ba, ya mayar da shi cikin ledar.

Don haka 'yan Sabuwa, 'yan Faskari, in akwai tsohon da ya yi gudun hijira ya sauka gidanku, don Allah ku tambaye shi yau ko ya zo da kaset. Kar ku kunna, kar ku sa shi a rana, ku turo mana saƙo tukuna. Sai mun haɗu a shiri na gaba.