Katin Ajiya Da Katin Bashi: Wa Ke Biyan Kuɗin Gyara?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da dattawa, 'yan'uwa maza da mata 'yan asalin Warra da ƙasar Ngaski da Yauri da Shanga, barkanmu da sake haɗuwa.

An nemi mu ɗan tofa albarkacin bakinmu kan wani ƙaramin abu da kusan kowannenmu ke ɗauke da shi a aljihu, wato katin banki. Mu da muka tsufa da alli a hannu ba ma'aikatan banki ba ne, amma mun koyar da lissafi, kuma wannan magana ta lissafi ce.

Katin iri biyu ne, ko da yake kamarsu ɗaya. Na farko shi ne katin ajiya, wanda muke kira katin ATM. Duk abin da ka kashe da shi daga asusunka yake fita nan take, in babu kuɗi kuma ba ya aiki. Na biyu shi ne katin bashi. Da shi banki ke biya maka, kai kuma ka biya banki daga baya. In ka biya duka kafin wa'adi, galibi ba a ɗora maka komai. In ka bar saura, sai kuɗin ruwa ya fara hawa.

Mu fara da na ajiya, tunda shi ne ya fi yawa a hannunmu. Cajinsa ƙanana ne, amma suna da yawa. A tsarin Babban Bankin Nijeriya da ya fara aiki a 2020, tura kuɗin da bai wuce ₦5,000 ba ₦10 ne, daga nan zuwa ₦50,000 ₦25 ne, abin da ya haura kuma ₦50. Daga 1 ga Maris 2025 aka soke cira uku na kyauta da ake yi a wata a injin wani banki, aka sa ₦100 kan kowace ₦20,000. In injin ba a harabar banki yake ba, ana iya ƙara har ₦500. Injin bankinka ne kawai babu caji.

Wannan na birni ke nan. A gida kuwa, mahaifiyarka ba injin banki take zuwa ba, wurin mai POS take aikawa. A ce yana karɓar ₦200 kan kowace ₦10,000, kai kuma kana tura ₦20,000 duk wata. A shekara ₦4,800 ta tafi, kuma daga cefanen tsohuwa ta fita, ba daga aljihunka ba. Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da mutane suka riƙa sayen Naira da Naira, masunci da kifinsa a hannu ya rasa mai saye da tsaba.

Yanzu ga katin bashi. A Amurka ya samo asali, da Diners Club a 1950, sannan BankAmericard a 1958, wanda ya koma Visa a 1976. Abin da ke jan mutane gare shi shi ne tukuici: a mayar maka da ɗaya ko biyu cikin ɗari na abin da ka kashe, ko a tara maka maki na tikitin jirgi. Bankunanmu ma suna tallata shi ga masu albashi, 'ya'yanmu da ke ƙetare kuwa sun san shi sarai.

To, wa ke biyan wannan tukuici? Mu da muka tashi a kasuwa mun san gyara. Mai hatsi ya auna maka mudu, ya ƙara maka tafi ɗaya, kuma kowa ya san kuɗin wannan tafi yana cikin farashin mudun. Haka abin yake. Duk lokacin da aka biya da katin bashi a Amurka, ana cire wa mai kanti kimanin biyu cikin ɗari, shi kuma ya mayar da shi kan farashi, har wanda ya zo da tsabar kuɗi ya taya biya. Ga hujja: da doka ta rage abin da manyan bankunan Amurka ke karɓa kan katin ajiya a 2011, sai da yawansu suka janye tukuicin da suke bayarwa a kansa. Tarayyar Turai ma ta ƙayyade nata a 2015, shi ya sa tukuicin can bai kai na Amurka ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mai biya na biyu shi ne wanda ya makara. A 2024 kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura 20 cikin ɗari a shekara. A wannan ma'auni, wanda ya ci bashin ₦100,000 ya bar shi shekara guda, ya karɓi tukuicin ₦2,000, ya biya fiye da ₦20,000. Ɗan aji huɗu ma zai faɗa mana wanda ya ci riba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a bakin tafkin Kainji. Mun sha ganin masuncin da ɗan kasuwa ya ba koma ko inji bashi, har da goron sallah, amma in kifi ya fito ba shi da ikon sayar wa kowa sai ubangidansa, a farashin da ubangidan ya yanka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ga masu gudun riba saboda addini kuwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019. Su ma a karanta sharuɗɗansu kafin a sa hannu.

Saboda haka ga roƙonmu. In za ka tura kuɗi gida, ka ɗora kuɗin cira a kai, domin abin da ka yi niyya ya isa cikakke. Ka tura a dunƙule maimakon kaɗan-kaɗan. Ka riƙa karanta saƙonnin banki, ka tara cajin wata guda ka ga jimla. Ka koya wa iyaye kada su miƙa lambar sirri ga kowa. In har ka karɓi katin bashi, kada ka sayi abin da albashin watan ba zai biya ba. Kada kuma wani ya ci bashi don a kira sunansa a wurin gidauniyar ƙungiya. Aji ɗaya da muka gina da ₦5,000 ɗin guminmu ya fi mana alƙawarin miliyan da zai hana ɗan'uwanmu barci.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.