Dala da lissafin yara

Jama'ar Kurni da kewayen Matamaye, ku lura da yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Miƙa mata dala 20, nan take ta ba ka canjinka daidai. To, dala ɗaya faran 5 ce, dala 20 kuma faran 100. Ashe ƙidayar biyar-biyar na hannunta tun ba ta shiga lakwal ba.

Amma a aji, da an rubuta lambobi a allo da Faransanci, sai ta yi tsit. Abin nan na damuna ƙwarai. Malamai, ku shigo da gyaɗa, yara su kasa ta tsibi-tsibi suna faɗin 5, 10, 15, 20 da Hausa tukuna. Ƙidayar bibbiyu kuwa, ga takalmansu nan a ƙafa.