Tsirkiyar Sabuwar Gita: A Canja Ko A Bari?



Mu makaɗan nan na Unguwar Shanu mun yi karo-karo mun sayi sabuwar gita mai kaurin amo, wadda ake kira bas. Tun ba a kaɗa ta ba gardama ta kaure, wasunmu suka ce lalle a cire tsirkiyoyin nan huɗu da ta zo da su daga masana'anta, a ɗaura sababbi. Ni kam ban goyi baya ba.

Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin gita takan daɗe a kanti har tsirkiya ta yi tsatsa, amo ya dushe. To amma na duba tamu, fes take. Ku tuna da James Jamerson, makaɗin Motown a Amurka, wanda ya rasu a 1983. Ba ya sake tsirkiya sai ta tsinke, ga shi kuwa duniya ta taka rawa da kiɗansa. Masu yawan canji su ne masu son amo mai kaifi, irin wanda John Entwistle ya nema wurin Rotosound a 1966.

Abin da ya fi damuna shi ne wuyan gitar. Katako ne, bushewar hunturun Kaduna kuwa tana tanƙwara shi. In aka ɗaura tsirkiya mai kauri dabam, tilas a sake daidaita sandar ƙarfen da ke cikinsa. Wa ya iya a cikinmu?

Shawarata, a kaɗa ta wata uku tukuna, ana goge gumi da ƙyalle bayan kowane wasa. Kuɗin kuma a rage bashin lasifikar da ke kanmu.