Me ya haɗa ɗan Damergu da waɗannan littattafai?

Iyayenmu da suka samu zuwa, malamanmu na allo da na lakkwal, ƴan'uwana mata da maza, ƴan fada-fada na cikin Tanut, da waɗanda suka taso tun daga Belbeji da Gangara da Olelewa, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

An ce in yi magana kan karatu. To, ba zan ɓata muku lokaci ina cewa karatu yana da amfani ba, wannan tun muna aji ɗaya ake faɗa mana. Labari zan ba ku. Kwanan baya ina dawowa daga Damagaram cikin mota, wani dattijo da ke gefena ya ga littattafai uku a cinyata, ya ce: "Ɗana, na mene ne waɗannan?" Na ce: "Baba, ɗaya kan cinikin ƴan ƙwallo ne, ɗaya kan masu fim da zane, ɗaya kuma tarihin Yahudawan Sahara." Sai ya yi dariya ya ce: "Gero ya yi tsada, rijiya ta yi zurfi, kai kuma kana fama da ƙwallo da zane da Yahudawa? Me ya haɗa ɗan Damergu da waɗannan?" Kafin in haɗa amsa ya sauka a Bakin Birji. Tun ranar tambayar take cina, kuma yau a gabanku zan amsa ta.

Bari in fara da ƙwallo, don na ga idon samari ya buɗe.

Wa ya tuna ranar 8 ga Oktoba 2011? Ni lokacin ina ɗan koleji. Ranar ce wasan ƙarshe na neman shiga gasar kofin Afirka ta 2012. Mena ta je Alƙahira, Masar ta ci mu 3 da nema. A can Afirka ta Kudu kuwa, ƴan ƙasar sun tashi babu ci da Saliyo, suka hau rawa a fili suna murna sun wuce. Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo kowa yana da maki 9. Su sun ɗauka yawan ƙwallaye za a duba. Ashe dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da ƙasashen suka buga tsakaninsu ake fara dubawa, kuma a nan Nijar ce ke gaba da maki 6. Haka Mena, ƙarƙashin koci Harouna Doula, ta je kofin Afirka karo na farko a tarihinta. Ƙasar da ta karɓi gasar kofin duniya a 2010, mai filaye da kuɗi, ta zauna gida saboda ba ta karanta takarda da kyau ba.

Wannan abin dariya ne. Ga wanda ba na dariya ba. Littafin nan na farko sunansa Négriers du foot, wato fataken bayi na ƙwallo. Wata Bafaranshiya, Maryse Éwanjé-Épée, tsohuwar ƴar wasan tsalle, ta fitar da shi a 2010. Ta bi sawun yaran Afirka da ake yaudara da sunan za a kai su kulob a Turai. Dabarar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Mutum ya zo da kaya masu kyau da hotuna a waya, ya ce yaronku yana da ƙafa. Iyaye su haɗa kuɗin jirgi da na takardu. A kai yaro da biza ta ɗan lokaci, a ajiye shi a otal, mutumin ya ɓace. Biza ta ƙare, yaro ya zama marar takarda, kunya kuma ta hana shi dawowa gida hannu wofi. Alhali dokar FIFA, sashe na 19, ta hana a kai ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa, sai da wasu ƴan sharuɗɗa ƙalilan. Ni da kaina na san gidan da aka sayar da bijimai biyu saboda irin wannan alkawari, yaron ko Yamai bai wuce ba. Da akwai mutum ɗaya a gidan da ya san wannan doka, da bijiman suna nan. Kowa yana son ɗansa ya zama Moussa Maazou, wanda ya ci Masar a Yamai a 2010 kuma ya buga a Beljiyam da Rasha. Amma mu garinmu a bakin hanyar Agadas yake, kullum muna ganin masu tafiya neman arziki, mun kuma san ba duka ke dawowa ba. Kun ga abin da ya haɗa mu da littafin ƙwallo.

Na biyu, littafin Paulin Soumanou Vieyra ne, Le cinéma africain des origines à 1973, wanda ya fito a 1975. Daga cikinsa na fara bin sawun Moustapha Alassane, ɗan Nijar, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a 2015. Yawancinmu in aka ce fasahar gwaji, wato mai fasaha ya bar hanyar da kowa ke bi ya gwada abin da ba a saba gani ba, sai mu ce ai wannan aikin Turawan da suka ƙoshi ne. To ku ji. Wannan bawan Allah tun yana yaro yake yanka kwali yana haska shi da fitila, inuwa tana motsi a bango, yara suna kallo. Daga baya ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. Fim ɗinsa na 1962 sunansa Aouré, aure ke nan da Hausarmu. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, zane mai motsi na ƴan mintuna, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da faretin soja. Shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai, da kwaɗi ya faɗi abin da mutane ke tsoron faɗa da baki kan son girma na masu mulki. A shekarar dai ya yi Le retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka hau dawaki suka addabi garinsu. Ku dubi fada-fadanmu na yau da sunayen da muke ara daga finafinan waje, ku gaya mini ko bai hango mu ba. Har kokowa ya yi wa fim da ƴan tsana, sunansa Kokoa. Ya zauna shekaru a Tawa yana aikinsa. A 2024 an sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa. Amma a nan wurin, mutum nawa ne suka taɓa kallon fim ɗinsa ko ɗaya? Yarinyar da ke zane a bayan kayenta ana dukan hannunta, wa zai gaya mata cewa ƙasarta ta taɓa yin gwani a wannan fanni, da kwali da fitila ya fara?

Na uku shi ne mai nauyi, don haka ku ba ni hankalinku. Na san zukatanmu suna ciwo kan abin da ke faruwa a Gaza, tawa ma haka. Sanin tarihin wata al'umma daban, goyon bayan wata gwamnati daban. Littafin nan na Jacob Oliel ne, Les Juifs au Sahara, na 1994, kan Yahudawan Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau. Wani masani, John Hunwick, shi ma ya yi littafi kan batun a 2006. Yahudawa sun daɗe a Tuwat suna fatauci da ƙirar zinariya. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can a 1447 yana cewa suna da yawa kuma suna zaune ƙarƙashin kariyar manyan gari. Wajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifaniya, rikici ya tashi a garin Tamantit kan wurin ibadarsu. Wani babban malami ya ce a rushe shi, don a ganinsa sun karya sharuɗɗan amanar da suke zaune a kanta. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a, ba a taɓa shi. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, wasu suka goyi bayan wannan, wasu wancan, kuma al-Wansharisi ya tattara fatawoyin a littafinsa al-Mi'iyar. A ƙarshe aka rushe wurin, aka kashe mutane, al'ummar ta watse.

Wane ne wannan babban malami? Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili. Shi dai wanda muka sani. Bayan wannan ne ya yo kudu, ya zauna a ƙasar Abzin, ya je Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, sannan ya je Gao ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Har yau Sharifan Kano suna danganta kansu da shi. Hanyar ayarin da ta haɗa Abzin da Kano kuwa, ta Damergu take ratsawa, geronmu ne guzurinta. Ban kawo wannan don in rage darajar malami ba, wane ni. Abin da na koya shi ne: shekara fiye da 500 da suka wuce, malaman Musulunci sun yi saɓani a rubuce, da hujja, kan haƙƙin wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma akwai alƙalin da ya tsaya ya ce a'a. Mu da muke zaune Hausawa, Abzinawa, Fulani, Barebari da Larabawa a kasuwa ɗaya, muna shan rijiya ɗaya, kullum damina sai an yi ta faman sasanta manomi da makiyayi, tambayar yadda mai rinjaye zai zauna da marar rinjaye tamu ce. Wanda ya san yadda ta ƙare a Tamantit zai yi tunani sau biyu kafin ya tura muryar WhatsApp da ke cewa a kori wasu daga gari.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Na nemi abin da aka rubuta kan Damergu kanta. Akwai littafin 1973 kan shekarun farko na mulkin Faransa a Damergu, wanda ya rubuta shi Yehoshua Rash ne, ɗan Isra'ila. Akwai na Stephen Baier, Ba'amurke, na 1980, kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, inda ya yi bayanin cinikin gero da ayari tsakaninmu da Abzin. Allah ya jiƙan André Salifou da ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, jami'ar Damagaram ma sunansa take ɗauke da shi yanzu. Amma ku duba: mu muna cewa me ya haɗa mu da labarin wasu, su kuwa sun taso daga ƙasashensu sun zo sun zauna da kakanninmu, sun rubuta namu, da Faransanci da Ingilishi, suna karantawa a jami'o'insu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

A watan Maris 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mun yi murna, kuma ya kamata. Sai dai doka ba ta rubuta littafi. In yarinya daga Tarka ta ce tana son karanta tarihin Magili, ko dokar FIFA, ko rayuwar Moustapha Alassane da Hausa, me za mu miƙa mata? In ba mu cika wannan rumbun ba, masu muryoyin ƙarya a waya za su cika mana shi.

Don haka abu uku nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, kowace fada ta ajiye akwati ɗaya na littattafai. Kuɗin sukarin shayi na rana ɗaya a mako ya isa a fara. Duk mai zuwa Damagaram ko Yamai a ba shi saƙo. Kada a tsaya kan littattafan jarrabawar BEPC da BAC kaɗai, a sayo har waɗanda za a ce me ya haɗa mu da su. Muna kuma roƙon hukumomin gari su ba mu ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli inda ƴan mata ma za su iya zuwa su zauna su yi karatu cikin mutunci.

Na biyu, duk wanda Allah ya ba Faransanci, Larabci ko Ingilishi, in ya gama littafi, bashi ne a kansa ya yi bayaninsa da Hausa cikin minti goma, ya ɗauka a waya ya tura, ya faɗi sunan littafin da marubucin da shekarar, don mai shakka ya je ya duba. Masu jin Tamashek da Fulatanci da Barbarci su ma su juya. Ni zan fara da waɗannan ukun kafin ƙarshen wata, in ban yi ba ku tare ni a kasuwa.

Na uku, kowa a nan yana da tsoho ko tsohuwa a gida da ya ga yunwar 1973 da ta 1984, ya san inda tsofaffin rijiyoyi da burtalai suke, ya ji labarin ayari daga bakin waɗanda suka bi shi. Ku zauna da su da waya da kaye tun suna da rai. Littafin Damergu na gaba, ina so a ga sunan ɗan Tanut ko ƴar Belbeji a bayansa.

Baban da ya sauka a Bakin Birji, in wannan magana ta iso gare ka, gaskiyarka ne, gero ya yi tsada. Amma bijimai biyun nan da aka sayar wa ɗan damfara, da gero aka kiwata su.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara mana ilimi mai amfani.